Zaɓen Bugun Buɗaɗɗiyar Manhajar Ofis da Ya Dace da Rubutun Hausa: Nazari Daga Harabar Kongo, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda manazarcin Hausa zai zaɓi bugun buɗaɗɗiyar manhajar ofis da ya dace da kwamfutarsa da kuma aikinsa. An bibiyi asalin OpenOffice da LibreOffice da dalilin rabuwarsu, an fayyace ma'anar lambobin da ake yi wa kowane bugu, sannan an kawo ma'aunai uku na zaɓe: ƙarfin na'ura, buƙatun rubutun Hausa na boko da ajami, da kuma inda takarda za ta je bayan an kammala ta. An ɗauki harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa bugun da ya fi dacewa shi ne bugun LibreOffice da ya riga ya zauna da gindinsa, wanda na'urar za ta iya ɗauka, kuma aka gwada shi da shafin Hausa kafin a damƙa masa amanar kundi.

Fitilun kalmomi: manhaja, bugu, LibreOffice, haruffa masu ƙugiya, Unicode, ajami

1.0 Gabatarwa

Harabar Kongo, wadda take kusa da Tudun Wada, ba nisa da ganuwar birnin Zazzau, ta daɗe da sanin aikin takarda. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a wurin, ita ce ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki, aka kuma haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa jami'ar a 1962. A yau harabar tana ɗauke da Tsangayar Shari'a, da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci, da Ɗakin Karatu na Shugaba Kennedy. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami kundi guda da ya haɗa Ingilishi da nassin Larabci da kalmomin Hausa, kamar a nazarin gado ko aure ko hukuncin kotunan alƙalai.

Irin wannan kundi ba ya zama a kwamfuta ɗaya. Ɗalibi yakan fara shi a tasa, ya kai wa mai duba aikinsa, ya dawo da gyara, daga nan ya kai shagon buga takardu. Kowace na'ura da manhajarta, kowace manhaja da bugunta. A wannan zirga-zirga ne ƙugiyar harafi take ɓacewa, "faɗa" ya koma "fada", "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Ga mai nazarin harshe, wannan ya wuce matsalar ado, domin hujjar da ya gina bincikensa a kanta ce take rushewa.

Da yake lasisin Microsoft Office yana da tsada, kuma kwafin sata yana tattare da haɗarin ƙwayoyin cutar kwamfuta ban da saɓa wa doka, malamai da ɗalibai da dama suna waiwayar buɗaɗɗun manhajoji. Sai dai wanda ya je saukewa yakan tarar da sunaye biyu masu kama da juna, da lambobi iri-iri, da zaɓi tsakanin bit 32 da bit 64. Wannan ruɗani ne maƙalar take son warwarewa.

2.0 Ma'anar Buɗaɗɗiyar Manhajar Ofis

Manhajar ofis tarin manhajoji ne da ake haɗawa wuri ɗaya domin aikin rubutu da lissafi da gabatar da jawabi. A LibreOffice, Writer ce ta rubutu, Calc ta jadawalin lissafi, Impress ta gabatarwa, Draw ta zane, Base ta taskance bayanai, Math kuwa ta rubuta ƙa'idojin lissafi. Ana kiran manhaja buɗaɗɗiya idan umarnin da aka gina ta da shi yana fili, kowa yana da izinin dubawa da gyarawa da rarrabawa. Wannan ya bambanta da manhajar da ake bayarwa kyauta kawai. WPS Office, wadda ta yaɗu a wayoyin ɗalibai, ana samun ta ba tare da biya ba, amma mallakar kamfanin Kingsoft ne na ƙasar Sin, kuma umarninta a rufe yake. Kalmar "bugu" a wannan maƙala tana nufin fitowar manhaja mai lamba ta musamman, kamar yadda ake cewa bugu na farko ko na biyu na littafi.

3.0 Tushe Ɗaya, Rassa Biyu

Asalin manhajojin biyu shi ne StarOffice, wadda kamfanin StarDivision na Jamus ya ƙirƙira. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi a 1999, ya buɗe umarnin manhajar a 2000, sannan bugu na 1.0 na OpenOffice.org ya fito a 2002. Da kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010, sai akasarin masu aikin sa kai suka ji tsoron makomar manhajar, suka kafa gidauniyar The Document Foundation a watan Satumba na shekarar, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. Bugunsu na farko, 3.3, ya fito a Janairun 2011. A shekarar ce kuma Oracle ya miƙa tsohon sunan ga gidauniyar Apache, aka sami Apache OpenOffice.

Daga nan tafiyar ta bambanta. Apache OpenOffice ta fitar da bugu na 4.1 a 2014, kuma abin da ya biyo baya ƙananan gyare-gyare ne a kan wannan jerin. LibreOffice kuwa tana fitar da babban bugu sau biyu a shekara, har ta kai gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kanta. Bambancin da ya fi shafar ɗalibi shi ne: Apache OpenOffice tana buɗe fayil ɗin docx, amma ba ta iya adana aiki da wannan tsari, alhali shi ne tsarin da mujallu da masu duba kundi suka fi nema. Mutane da yawa suna sauke OpenOffice ne saboda sunan da suka sani tun shekarun baya, ba tare da sanin cewa aikin ya koma wani gida ba. Ga mai rubutun bincike, wannan mataki na farko ba shi da wuya: LibreOffice ce reshen da yake raye.

4.0 Yadda Ake Karanta Lambar Bugu

Har zuwa bugu na 7.6, wanda ya fito a Agustan 2023, lambobin LibreOffice suna hawa ne ɗaya bayan ɗaya. Daga 2024 aka koma amfani da shekara da wata. Bugu na 24.2 na Fabrairun 2024 ne, 24.8 na Agustan 2024, 25.2 na Fabrairun 2025, haka nan har gaba. Wanda ya ga an tsallaka daga 7.6 zuwa 24.2 kada ya ɗauka ya yi asarar bugu goma sha shida, salon lissafin ne kawai ya sauya.

Lamba ta uku ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali ita ce ta fi nauyi. Tana nuna sau nawa aka yi wa bugun gyara bayan fitowarsa. 25.2.0 sabon yanka ne, 25.2.5 kuwa ya sha gyara sau biyar bayan masu amfani da shi sun kai rahoton kurakuransa. A kowane lokaci gidauniyar takan ajiye rassa biyu a shafin saukewa, waɗanda a da ake kira Fresh da Still, wato sabo da kuma wanda ya natsa. Misali, lokacin da 25.2 ya fito, 24.8 yana nan ana ci gaba da gyara shi. Sabon yana zuwa da ƙarin fasahohi da ingantacciyar mu'amala da fayilolin Microsoft, tsohon kuma ya fi ƙarancin tuntuɓe.

Ga mai rubuta kundin digiri mai shafi ɗari uku, da manazarta da jadawalai da bayanan ƙasan shafi, da tsohuwar zuma ake magani. Reshen da lambarsa ta uku ta kai huɗu ko biyar ya fi dacewa da shi. Sai dai tsufan yana da iyaka, domin kowane reshe ana kula da shi ne na ƙasa da shekara guda, daga nan a daina toshe masa kafofin tsaro. Hikimar ita ce a riƙa bin bayan sabon bugu da taki ɗaya.

5.0 Ma'auni na Farko: Ƙarfin Na'ura

Kwamfutocin hannu, waɗanda aka fi sani da tokumbo, su ne ɗalibai da shagunan buga takardu suka fi iya saye, kuma wasunsu har yanzu suna kan tsofaffin Windows. Wannan yana taƙaita zaɓi tun kafin a je ga sha'awa. Bugu na 5.4 shi ne na ƙarshe da yake aiki a kan Windows XP da Vista. Bugu na 25.2 shi ne na ƙarshe a kan Windows 7 da 8 da 8.1, domin 25.8 yana buƙatar Windows 10 ko abin da ya fi shi. Ya kamata a lura cewa kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, don haka na'urar da take kansa ba ta da kariya idan ta hau intanet, ko wane bugu aka ɗora mata. Mafita ɗaya ga irin wannan na'ura ita ce a sauya mata babbar manhaja zuwa Linux, wadda nau'o'inta da dama suke zuwa da LibreOffice a ciki.

Abu na biyu shi ne bit 32 da bit 64. Wannan yana bin babbar manhajar da take kan na'urar ne, kuma ana ganin sa a shafin bayanin kwamfutar. Bugun bit 64 ba ya hawa kan Windows mai bit 32, amma na bit 32 yana hawa kan mai 64. Gidauniyar ta fara janye hannu daga bit 32 tun daga 25.8, saboda haka duk na'urar da take iya ɗaukar 64, shi ya kamata a ba ta. Masu kwamfutar Apple su ma suna da fayil biyu, ɗaya na masu ƙwaƙwalwar Intel, ɗaya na masu ƙwaƙwalwar Apple da suka fara fitowa a 2020.

Fayil ɗin saukewa na Windows ya haura megabayit 300, abin da yake da nauyi ga mai sayen data. Amma lasisin manhajar ya halatta a kwafa a raba, don haka mutum ɗaya a sashe zai iya saukewa daga shafin gidauniyar, sauran su karɓa ta filashi. Akwai kuma bugun tafi-da-gidanka wanda yake aiki daga filashi ba tare da an ɗora shi a kwamfuta ba, mai amfani ga wanda yake aiki da na'urar da ba tasa ba. A inda wutar lantarki take ɗaukewa ba sallama, yana da kyau a rage tazarar adana aiki ta kai tsaye daga minti goma zuwa uku ko biyar.

6.0 Ma'auni na Biyu: Buƙatun Rubutun Hausa

6.1 Haruffa Masu Ƙugiya

A Zariya aka kafa amfani da ɓ da ɗ da ƙ a ɗab'i a shekarun 1930, zamanin Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta yaɗa su. Da kwamfuta ta zo, haruffan ba su cikin allon bugu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da zubin haruffa na Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka fitar da marubuta da maɗaba'u daga ƙangi na tsawon shekaru. Dabarar wancan zamani ita ce a ɗora siffar harafin Hausa a gurbin wata alama. Shi ya sa idan aka buɗe irin wannan takarda a na'urar da ba ta da zubin, sai a ga }asa da ]aya da ~ata a maimakon ƙasa da ɗaya da ɓata. Ko da zubin yana nan, abin da kwamfuta ta adana alamar ce, don haka neman kalmar "ƙasa" ba zai gano ta ba, jera kalmomi bisa abacada ma ba zai daidaita ba.

Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana da 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, sai ƴ da ake amfani da ita a Nijar 01B4. Tun daga bugu na 5.1, idan aka rubuta lambar a Writer aka danna Alt da X tare, sai ta rikiɗe ta zama harafin. Windows yana da allon bugu na Hausa, akwai kuma manhajar Keyman. Zubin haruffa irin su Charis SIL da Doulos SIL da Gentium da Noto duk suna ɗauke da waɗannan haruffa, kuma kyauta ne. Mai son mayar da tsohon rubutu zuwa Unicode zai iya yi da umarnin nema da musanyawa, amma da hattara: masanin tsarin sauti yana amfani da baka mai kusurwa wajen nuna furuci, kuma musanyawar bai ɗaya za ta mayar da ita harafi.

6.2 Karin Sauti da Ajami

A nan ne bambancin bugu yake fitowa fili. Masu nazarin harshe suna nuna dogon wasali da karin sauti a kan harafi ɗaya, kamar yadda Paul Newman ya yi a ƙamusunsa na 2007, inda ake ɗora layin tsawo sannan a ɗora alamar karin sauti a kansa. Daidaita alama a kan alama aikin injin tsara rubutu ne. Daga bugu na 5.3 na 2017, LibreOffice ta koma amfani da inji ɗaya, HarfBuzz, a Windows da Linux da Apple, abin da ya sa shafi yake fitowa kusan iri ɗaya a ko'ina. Wannan injin ne kuma yake haɗa haruffan Larabci da na ajami. Cibiyar SIL ta samar da zubin Alkalami bisa salon rubutun Kano, kuma Unicode ya ƙara haruffan da ajamin Afirka ta Yamma yake buƙata a 2016 da 2020. Tsohon bugu da aka gina kafin waɗannan shekaru bai san halayen sababbin haruffan ba, don haka yana iya kasa haɗa su daidai. Mai aikin ajami yana da hujjar kusantar sabon bugu fiye da mai rubutun boko zalla.

6.3 Gyaran Kai Tsaye

Manhajar tana zuwa da zaton Ingilishi ake rubutawa. Takan ja jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa, takan kuma juya alamar da take gaban 'ya'ya ko 'yan zuwa alamar buɗe zance. Maganin shi ne a zaɓi Hausa ta Nijeriya a jerin harsunan takarda, a kuma kashe musanya alamar zance guda a cikin saitin gyaran kai tsaye, tun kafin a fara rubutu.

7.0 Ma'auni na Uku: Inda Takarda Za Ta Je

Tsarin adana rubutu na LibreOffice shi ne odt, wanda yake cikin ma'aunin OpenDocument da hukumar ISO ta amince da shi a 2006. Na Microsoft kuwa docx ne. LibreOffice tana adanawa da duka biyun, amma duk lokacin da aka juya takarda daga wannan zuwa wancan, akwai yiwuwar lambar shafi ko jadawali su goce. Hanyar da ta fi aminci ita ce a riƙe uwar takarda a odt, a fitar da kwafin docx ga mai dubawa ko editan mujalla, a kai PDF shagon bugawa. PDF yana tafiya da zubin haruffansa a ciki, saboda haka ƙugiya ba ta ɓacewa ko da na'urar shagon ba ta san Hausa ba. Domin ajiya ta dogon lokaci a ɗakin karatu, akwai nau'in PDF/A.

Idan sashe ya wajabta Times New Roman ko Calibri, manhajar tana zuwa da Liberation Serif da Carlito, waɗanda faɗin haruffansu ya yi daidai da na waɗancan, don haka yawan shafuka ba ya sauyawa sosai. Mai amfani da Zotero wajen tsara manazarta kuma ya sani cewa haɗa ta da LibreOffice yana buƙatar Java, kuma dole bit ɗin Java ya dace da na manhajar. Wanda aikinsa duka a docx yake, tare da abokan aikin da ba su san wani tsari ba, yana iya duba ONLYOFFICE, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, kuma docx ne tsarinta na asali.

8.0 Shafin Gwaji

Gani ya kori ji. Kafin a amince da kowane bugu, ya kamata a shirya shafi guda mai ɗauke da haruffa masu ƙugiya manya da ƙanana, da kalmomi masu alamar tsawo da karin sauti, da layi ɗaya na Larabci ko ajami, da bayanin ƙasan shafi, da ƙaramin jadawali. A adana shi a odt da docx da PDF, a buɗe a kwamfutar mai duba aikin, a kuma buga shi a shagon da za a buga kundin. Idan ya fita lafiya, a tsaya a kan wannan bugu har a kare kundin, a riƙa karɓar ƙananan gyare-gyaren lamba ta uku kawai. A kuma ajiye fayil ɗin saukewar tare da zubin haruffan a wuri ɗaya da kundin, domin idan na'ura ta lalace a iya dawo da komai yadda yake. Zai fi kyau a ce sashe ne da kansa zai shirya irin wannan shafi, ya ayyana bugu ɗaya da zubin haruffa ɗaya ga ɗalibansa a farkon kowace shekarar karatu.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tsakanin rassan biyu, LibreOffice ce ta dace da rubutun bincike, kuma a cikin bugunanta, na'ura ce take fara yanke hukunci, sai buƙatun rubutun, sai inda takardar za ta je. Mai rubutun boko a kan Windows 10 ko 11 ya ɗauki reshen da ya natsa mai bit 64. Mai Windows 7 iyakarsa 25.2. Mai aikin ajami ya matso kusa da sabon bugu, amma ya jira lamba ta uku ta ɗan hau. Dukkansu kuwa su rubuta da Unicode, domin manhaja tana tsufa cikin watanni, alhali kundin da aka ajiye a ɗakin karatu na Kongo ko na Samaru ana sa ran wani manazarci zai neme shi bayan shekara hamsin, ya kuma tarar da kowace ƙugiya a inda marubucin ya sa ta.